Wadda Ta Dafa Ba Ita Aka Yanka Wa Ba

Shafi na 27

Pak Darmaji, wato Malam Darmaji a harshen ƙasar, shugaban makaranta, ya daɗe yana jawabi. Mutum ne da Allah bai hore wa taƙaita magana ba. In ya samu mutum biyar a zaune, sai ya ɗauke su taron ƙasa. Ya gode wa gwamnatin tsakiya, ya gode wa ta lardi, ya gode wa ta gunduma. Ya gode wa sufeton makarantu, Pak Hartoyo, wanda ya hauro tsaunin nan takanas a kan babur. Har ruwan sama ya gode wa, da ya yi haƙuri bai sauko ba. Wadda ta dafa abincin da ke gabansa ce kaɗai godiyar ba ta kai kanta ba, ita kuwa ba ta damu ba. A ganinta, tata godiyar tana tafe a faranti.

Bu Warsini, wato Malama Warsini, tana tsaye daf da teburin ɗakin malamai, tana duban aikin hannunta. Tumpeng ɗin ya tsaya cak a tsakiyar faifai, a kan ganyen ayaba: shinkafa mai launin kurkum, an dafa ta da madarar kwakwa, an cusa ta a mazubi ta fito da tsini kamar dutsen da ke bayan ƙauyen. Ta kewaye shi da soyayyiyar kaza, da ƙwai, da ganye mai kwakwa, da jan barkono da ta yanka kamar fure. Tun kafin kiran assalatu take kansa.

A makon jiya ne Pak Darmaji ya kira ta ofis ya ce, "Bu, an ba makarantarmu gurbi. Ranar Asabar za mu yi walimar godiya, kuma ba na son hannun kowa a tumpeng ɗin sai naki."

Ba ta tambayi gurbin wane ne ba. Wa za ta tambaya, kuma don me? Ita kaɗai ce malamar wucin-gadi a makarantar. Wucin-gadin nata ya haura shekara goma sha biyar, domin a harshen ofis kalmar ba ta da iyaka. Bara ta zauna jarrabawar ɗaukar malaman gwamnati, ta ci, aka ajiye ta a rukunin da hukuma ta ƙirƙira don irinsu: waɗanda suka ci, amma ba a san inda za a kai su ba. Yau ga gurbi ya zo har gida.

A ƙarshe dai Pak Darmaji ya ɗauki cokali mai faɗi, ya yi bisimilla, ya yanke tsinin shinkafar, ya ɗora a ƙaramin faranti. Ko ɗan aji ɗaya ya san tsinin tumpeng ba a ba kowa sai wanda aka yi walimar dominsa.

Bu Warsini ta goge hannuwanta a gefen zaninta. Ta ɗan rusuna, ta miƙa su duka biyu.

Ya wuce ta.

Kafaɗarsa har ta gogi gefen mayafinta. Ya nufi bakin ƙofa, inda wata yarinya ke zaune cikin sabon kakin ma'aikatan gwamnati wanda layin ninkinsa bai baje ba tukuna. Bu Warsini ta ga shigowarta ɗazu, har ta ji daɗi. Ningrum ce, ɗalibarta ta dā, wadda ta koya wa riƙon fensir. Ta ɗauka taya murna ta zo.

"Bu Ningrum," in ji Pak Darmaji da muryar jawabi, "a madadin iyalan wannan makaranta, barka da zuwa."

Tafi ya tashi daga mutum biyu, ya mutu a hannunsu.

Hannuwan Bu Warsini suna nan a miƙe. Sai da ta ga idon sufeto a kansu sannan ta tuna nata ne, ta janye su.

"Ikon Allah," in ji Bu Lastri, malamar aji shida, wadda ritaya ta kusa kuma tsoron kowa ya riga ya fita daga ranta. "Yau na ga faranti ya yi ɓatan hanya a ɗaki mai ƙofa ɗaya."

Babu wanda ya yi dariya.

Ningrum ta taso da farantin a hannun hagu, fuskarta cike da murna. Ta zo gaban Bu Warsini ta sunkuya, ta miƙa hannu don ta kama na malamarta ta kai goshi, kamar yadda take yi tun tana 'yar ƙarama.

"Bu, albarkacinki ne. Da ba ki…"

Bu Warsini ta mayar da hannuwanta baya.

A duk tsawon shekarunta a makarantar, ba ta taɓa hana ɗalibi hannunta ba, har wanda ya fasa mata tagar aji. Ningrum ta tsaya a sunkuye, ba ta san yadda ake miƙewa daga irin wannan ba.

"Pak," in ji Bu Warsini, ba tare da ta dubi yarinyar ba. "Wane aji?"

"Za mu tattauna a ofis, Bu. Yanzu lokacin cin abinci ne."

"Wane aji?"

"Baƙo na zaune, Bu Warsini."

"Na gan shi. Ni na soya kazar da zai ci. Wane aji, Pak?"

Pak Darmaji ya gyara hularsa, wadda ba ta karkace ba.

"Aji huɗu."

"Ajina."

"Ajin gwamnati, Bu. Dukkanmu riƙo muke yi."

"A'a, Pak, ku ne ke riƙo. Ni ɗauka nake yi, a ka."

Ya yi murmushin da yake yi wa iyayen yara in sun zo ƙorafi. Ya buɗe tafukansa biyu, ya shiga bayani a hankali, kamar mai karanta wa yaro umarnin da ke jikin kwalbar magani. Tsari ne, ba shi ya yi ba. An buɗe gurbin a zagaye na biyu, wanda kowa ke da damar nema. Bu Ningrum na da takardar ƙwarewa daga jami'a, takardar kuwa tana da ƙarin maki. Na'ura ce ke tarawa, na'ura ce ke zaɓa, kuma na'ura ba ta san ɗan gida ba, ba ta san baƙo ba.

"Na'ura ba ta san ni ba, na yarda," in ji Bu Warsini. "Kai fa?"

"Bu…"

"A zagayen farko, lokacin da doka ta ce malamin da ke cikin makaranta shi ke da gurbin makarantarsa, me ka ce mini? A nan ka tsaya, kusa da kabad ɗin can. Ka ce birni bai ba mu ko ɗaya ba. Ka ce in nemi makarantar ƙetaren kogi. Na je na tarar da mu kamar ranar kasuwa, a kan kujera ɗaya. To, wannan gurbin yaushe aka haife shi? Wace ce ungozomarsa?"

"Birni ne ke rabawa, Bu. Ni wane ne?"

Sufeto Hartoyo ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa. Mutum ne da ya tsufa a aikin gwamnati ta hanyar rashin jin abin da ba a rubuta masa ba, amma yau a gabansa ake yi, kuma da sunan ofishinsa.

"A gafarce ni, Pak Darmaji," ya ce. "Kada a ɗora wa birni abin da bai ɗauka ba. Birni bai hana ba. Makaranta ce ba ta nema ba a zagayen farko."

Fankar da ke sama ta ci gaba da kukanta.

"Ba ta nema ba?" in ji Bu Warsini.

"Ni da kaina na tambaya. Na ce, ina malamar nan ta aji huɗu da ta daɗe? Aka ce mini ta gaji, tana shirin barin koyarwa, za ta buɗe sana'ar girkin biki. Aka ce kada a ɓata gurbi a kan mai tafiya, a bari sai zagaye na gaba." Ya dubi tumpeng ɗin, sannan ya dube ta. "Da na shigo na ga wannan, har na ce a raina, lallai matar ta zaɓi sana'ar da ta dace da ita. Na ɗauka walimar sallama ce ma a haɗe."

"Ni ma haka aka ce mini!" Ningrum ce. Ta miƙe yanzu, farantin na hannunta. "Wallahi, Bu, haka aka ce mini. Na ce ba zan zaɓi makarantar nan ba saboda kina ciki. Pak ya ce ke da kanki kika ce gara ajin ya faɗa hannun 'yar da kika raina. Ranar da suka zo gidanmu ya faɗa, a gaban mahaifina."

"Suka zo gidanku yin me, Nduk?" in ji Bu Warsini, da kiran da uwa ke yi wa 'yarta.

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Au, ba ki ji ba?" in ji Bu Lastri. "Ina za ki ji, kina can kina cike masa rahoton ƙarshen zango a kwamfuta. Ai an kai zoben baiko tun kafin azumi. Ɗan Pak na fari, mai gyaran gashi kullum a madubin babur. Surukar gida kike kallo, Bu. An haɗa mata lefe da aji huɗu a ciki."

"Bu Lastri, ki kiyaye harshenki!" in ji Pak Darmaji.

"Na kiyaye shi shekara talatin, Pak. Fansho na kusa, na sake shi ya sha iska."

Pak Darmaji ya juya ga Bu Warsini. Ya sassauta murya, ya sa mata zuma, irin wadda ake sa wa magani mai ɗaci.

"Bu, mu bar tone-tone. Abin da ya faru ya faru, takarda ta fito, babu mai mayar da ita. Amma ni ban manta da ke ba, kuma ba zan bari ki zauna a gida ba. Kantin abincin makaranta ba shi da mai riƙewa tun da tsohuwar nan ta koma wajen 'yarta. Na riga na yi magana da kwamitin iyaye. Ba haya, ba komai. Hannunki kowa ya san shi. Pak Hartoyo ma in ya ɗanɗana zai ba da shaida."

Ya faɗi wannan da fuskar mai kyauta. Abin da ya fi ƙona ran Bu Warsini ke nan: da gaske yake jiran godiya.

"Kanti," ta ce.

"Akwai rufin kwano sabo."

"Rufin kwano sabo. Ajina kuwa damina nawa muna jan benci gefe muna tara ruwa a bokiti? Ka taɓa shigowa ka ga inda yake zuba?"

"Bu, a hankali…"

"Na yi a hankali, Pak! A hankali na yi har furfura ta fito mini a ƙarƙashin mayafin nan! Da kogi ya cinye gada, wa ya naɗe zani ya ƙetaro da yara a baya? Masu kaki suna gida suna jiran sanarwa. Da Bu Lastri ta kwanta asibiti, wa ya haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya har jarrabawa? Duk rahoton da ka sa wa hannu ka kai birni aka yaba maka, wa ya rubuta? Ko kunna kwamfutar ka iya? Albashin da kuke ba ni, wanda yake zuwa in ya ga dama, ko man babur ba ya kaiwa ƙarshen wata, na taɓa buɗe baki? Kullum ka ce, haƙuri, Bu, koyarwa ibada ce. Na yarda ibada ce. Ashe ni ke sallar, kai ke karɓar ladan!"

"Subhanallahi," wani ya faɗa a can baya.

"Sannan ka rasa wadda za ka sa ta dafa wannan sai ni. Duk ƙauyen nan babu mai tukunya? Ka sa na tashi tun duhu, na wanke shinkafa, na kankare kwakwa har yatsuna suka yi jini, ina dafawa ina hawayen murna kamar wawiya. Ka san ba nawa ba ne. Ka tsaya ka kalle ni na miƙa hannu!"

"Na ɗauka kin fahimta, Bu."

"Ka ɗauka zan yi shiru. Ba ɗaya ba ne."

Ningrum ta matso, ta miƙa mata farantin da hannu biyu, hawaye na zuba.

"Bu, karɓi. Naki ne. Ni ban sani ba."

A karon farko Bu Warsini ta dube ta sosai. Ta ga tabon da ke haɓarta, na ranar da ta faɗo daga bishiyar gwaiba a bayan aji, ita ta wanke mata. Fushin bai ragu ba, amma ya kauce wa yarinyar.

"Riƙe abinki, Nduk. Shinkafa ce kawai. Abin da aka ɗauke mini ba ya cikin farantin nan."

Sufeto ya miƙe tsaye. Ya ɓalle maɓallin aljihun rigarsa, ya sake maƙalawa.

"Pak Darmaji, ina son amsa ɗaya, ba jawabi ba. Matar nan ta ce maka za ta bar aiki, ko ba ta ce ba?"

Gumi ya tsattsafo a ƙarƙashin hular shugaban. Amma mutumin da ya daɗe a kujera ba ya rasa ƙofar baya. Ya ciro hankici, ya goge wuya, kuma da ya ɗago, murmushin ya dawo.

"Ni ban ƙirƙiri magana ba, Pak. Har gida aka same ni aka faɗa mini. Kuma wanda ya faɗa yana da ikon faɗa."

"Ƙarya ne," in ji Bu Warsini. "Wa?"

Pak Darmaji ya juya ya dubi ƙofa.

Mas Parjo, mijinta, yana tsaye a can, rungume da babban tulun shayin da ta ce ya biyo ta da shi. Ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Ba a san tun yaushe yake wurin ba, amma fuskarsa ta nuna bai makara ba. Manomi ne marar gona. Shekara da shekaru yana noma fadamar Pak Darmaji, in an girbe a raba biyu.

"Shigo mana, Parjo," in ji Pak Darmaji. "Gaya wa Pak Sufeto abin da ka zo ka ce mini a barandata, bayan girbin bara."

Bu Warsini ta yi dariya, gajeriya, marar daɗi.

"Ka rasa wanda za ka jawo sai shi? Mutumin da ya kai ni wajen jarrabawa a babur, ya zauna a rana yana jirana? Mas, gaya masa ƙarya yake."

Mas Parjo ya sunkuya ya ajiye tulun a ƙasa, a hankali, kamar mai tsoron ya tashi wani daga barci.

"Mas."

"Dik, mu je gida. A gida za mu yi magana." Haka yake kiranta, Dik, wato ƙanwa, ita kuma ta kira shi Mas, wato yaya.

"Yau kowa so yake ya kai ni wani ɗaki. Wancan ya ce ofis, kai ka ce gida. A nan aka yi mini, a nan zan ji. Ka je ko ba ka je ba?"

"Shi ya kira ni."

"Ka je ko ba ka je ba?"

"Ya ce akwai wani daga ƙauyen gindin tsauni da ke son fadamar, zai ba shi kashi biyu cikin uku." Muryarsa ta yi ƙasa har sai da aka kasa kunne. "Ya ce shi ba ya son ya karɓe daga hannuna. Ya ce kalma ɗaya kawai yake so, wadda zai faɗa in an tambaye shi. Ya ce ai jarrabawar nan ba a cinta, Dik, shekara nawa kina yi. Na ɗauka ba za ki ci ba. Na ɗauka babu abin da zai canja."

"Ka ɗauka ba zan ci ba."

"Shinkafar da muke ci daga can take. Yaran nan…"

"Ka zauna a rana kana jirana, kana addu'ar in faɗi."

"Ban yi addu'a ba, wallahi. Ban yi ko ɗaya ba."

Bu Lastri, wadda ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ta kawar da kai ta dubi bango.

Sufeto Hartoyo ya yi gyaran murya. Ya koma harshen ofis, domin a nan ne kaɗai yake jin ƙafarsa a ƙasa.

"Bu Warsini, abin da ke tsakaninki da maigidanki ba hurumina ba ne. Nawa guda ne. In da yawunki ya je, to maganar shugaba ta tsaya, sai mu zauna mu ci abinci. In ba da yawunki ba ne, to an ɓoye gurbi da gangan, kuma dole in kai maganar birni yau. In na kai, ba na iya cewa ga inda za ta tsaya. Takardar yarinyar nan za a iya dakatar da ita. Ke kuma ban yi miki alkawarin komai ba."

Ningrum ta toshe baki da bayan hannu.

Pak Darmaji bai dubi Bu Warsini ba. Mijinta ya duba, ya yi magana a hankali, kamar mai hirar yanayi.

"Shinkafar fadama ta fara ja, Parjo. Bana ta yi kyau ƙwarai. Zai zama abin tausayi a ce wani ne ya girbe."

Mas Parjo ya tako har gabanta. A gaban malamai, a gaban baƙo, a gaban yarinyar da aka haifa a idonsa, ya haɗa tafukansa biyu a ƙirji.

"Dik. Saura kaɗan a yanka. Don Allah."

Bu Warsini ta dube shi har sai da ya sauke ido. Ta dubi Ningrum. Ta dubi Pak Darmaji, wanda ya riga ya ɗauki faranti na biyu yana zuba wa sufeto cinyar kaza, domin a saninsa da ita, maganar ta ƙare.

"Pak Hartoyo," ta ce.

"Na'am, Bu."

"Kada ka karɓi farantin nan. Hannunka zai yi maiƙo. Ciro alƙalaminka."